Masu Hidimar Rabon Gado: Tarihin Mataimakan Alƙali da na Lauya a Kan Dukiyar Mamaci da Haƙƙin Tsofaffi a Ƙasar Hausa

GABATARWA

Idan ana maganar tarihin shari'a a ƙasar Hausa, galibi sunayen da akan ambata su ne na sarakuna da manyan alƙalai da malaman da suka wallafa littattafai. Ba safai akan tuna da mutanen da ke zaune a gefen buzun alƙali ba, watau muhuti da magatakarda da ɗan ijala da mai ƙiyasta kaya, alhali kuwa ta hannunsu ne dukiyar mamaci take bi kafin ta isa ga magada. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin aikin waɗannan mutane, tun daga abin da littattafan fiƙihu suka shimfiɗa game da su, zuwa zamanin Daular Sakkwato da zamanin Turawa, har ya zuwa yau da ake kiran wasu masu irin wannan aiki mataimakan lauya.

Dalilin da ya sa wannan tarihi ya cancanci a tsaya a kansa a fili yake. Rabon gado yana cikin fannonin da Alƙur'ani mai girma ya yanke ƙa'idodinsu dalla-dalla, a aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i. Saboda haka da wuya alƙali ya fito bainar jama'a ya ba mace tumuni a inda take da rubu'i, domin ko almajirin da ya sauke Risala zai gane an yi kuskure. Inda haƙƙin mai takaba da maraya da tsoho yakan salwanta shi ne tun kafin magana ta zo gaban alƙali: wajen ƙidayar kaya, da sa musu kuɗi, da lissafa magada, da rubuta abin da majinyaci ya faɗa. Wannan kuwa aikin na ƙasa da alƙali ne.

TUSHEN AIKIN A LITTATTAFAN FIƘIHU

Littattafan Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukan malaman Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, da kuma Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426. Bisa tsarin da Halilu ya bi, abubuwa biyar ne ke rataye a kan abin da mamaci ya bari, kuma kowanne sai an gama da shi kana a wuce ga na gaba. Na farko haƙƙin da ya ɗamfaru da wani kaya takamaimai, kamar abin da aka ba da jingina. Na biyu kuɗin likkafani da binnewa, gwargwadon abin da aka saba ba tare da almubazzaranci ba. Na uku biyan basussuka. Na huɗu zartar da wasiyya, wadda ba za ta wuce sulusin abin da ya rage ba, kuma ba a yin ta ga magaji. Na biyar, watau na ƙarshe, shi ne rabon magada. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa huɗu daga cikin biyar ɗin aikin bincike ne da lissafi.

Malaman fiƙihu ba su bar masu wannan aiki haka sakaka ba. Sun bambanta tsakanin mai rabo, wanda ke ware wa kowa kasonsa, da mai ƙiyasi, wanda ke faɗin kimar gida ko doki ko riga. Halilu ya nuna cewa mai rabo guda ɗaya ya isa, amma mai ƙiyasi ɗaya bai isa ba, domin maganarsa kamar shaida take. Ya kuma nuna cewa ladan mai rabo bisa yawan kawunan masu rabon ake biyansa, domin wahalar fitar da ƙaramin kaso ba ta gaza ta fitar da babba ba. Har ila yau sun kasa rabon kansa gida uku: akwai rabon amfani, inda magada ke morar abu bi da bi, akwai rabon yarjejeniya, akwai kuma rabon ƙuri'a bayan an daidaita kashi-kashi.

A ɓangaren rubutu kuwa, tushen shi ne aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, idan kuma wanda ake bi mai rauni ne ko ba ya iya shifta da kansa, waliyyinsa ya shifta a madadinsa. Daga nan ne wani fanni sukutum ya tsiro a Andalus da Magrib, watau ilmin rubuta takardun shaida, wanda malamai irin su Ibn al-Aɗɗar na Ƙurɗuba da Wansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, suka yi wallafa a kansa. A biranen can akwai adalai waɗanda sana'arsu ke nan, suna rubuta wa mutane wasiyya da kyauta da ciniki. A ƙasar Hausa shaidar baka ce ta fi rinjaye, saboda haka aikin ya faɗa a wuyan almajiran alƙali da limamai da malaman unguwa.

KAFIN JIHADI DA BAYANSA

Batun gado ya daɗe yana zama ma'aunin da malamai ke auna mulki da shi. Shehu Magili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta wa sarkin littafin nasiha a kan wajiban sarauta, kuma cikin ma'aikatan da ya ce lalle sarki ya tanada har da amintattun masu karɓa da fitarwa, da marubuta da masu lissafi. A cikin amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Sanwai kuwa, ya soki al'adar wasu mutane da ke ba ɗan 'yar'uwa gado su hana 'ya'yan mamaci.

Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sake ɗaga wannan magana. A cikin Kitabul Farƙi, inda ya jera halayen mulkin da yake suka, ya ambaci yadda masu sarauta ke ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu su kira ta gado. A wasu rubuce-rubucensa kuma ya soki al'adar da babban ɗa ko babban wa ke haɗe dukiyar gida baki ɗaya a hannunsa da sunan shi ne makwafin uba, mata da ƙanana su tashi a tutar babu. Ashe ke nan gyaran rabon gado yana cikin abubuwan da Jihadin 1804 ya yi alkawari. Da jama'ar Kano suka nemi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta musu jagorar mulki wajen 1806, sai ya wallafa Liya'ul Hukkami, wanda ya yi bayanin sharuɗɗan alƙali da ladubban zaman shari'a.

Daga nan kowace masarauta ta sami babban alƙali a birni, tare da muhutai masu taya shi duba littafi da fitar da mas'ala. Wanda ya mutu bai bar magaji ba, dukiyarsa Baitulmali take zuwa, domin a asalin mazhabar Malik Baitulmali ne ke gadon abin da ya rage bayan masu farillai idan babu asaba. Dukiyar da alƙali ya raba kuwa akan cire mata ushira, watau kashi ɗaya cikin goma. Wannan ushira ita ce ta riƙe ma'aikatan alƙali, ita ce kuma ta zama ƙofar zargi, domin wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan dukiya yana da dalilin kutsawa cikin rabon da ba a kira shi ba.

YADDA AIKIN YAKE A ZAUREN ALƘALI

Ya kamata a ɗan dakata a dubi abin da waɗannan ma'aikata ke fuskanta idan wani attajirin birni ya rasu a ƙarni na 19. Labari yakan zo ta hannun mai unguwa ko dangi. Alƙali ya tura muhuti da ɗan ijala su shiga gida tare da dattawan unguwa, a buɗe adaka da rumbu da turaka, a fito da komai fili. Kuɗin lokacin wuri ne, ana ƙirga shi zambar-zambar, zambar ashirin ta zama keso guda. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500, saboda haka ƙirgar tsabar kuɗin babban attajiri kaɗai aiki ne na yini da yini. Riguna da rawuna da tsamiya sai a kira dillalai su sa musu kuɗi, gida kuma sai magina, dabbobi sai waɗanda suka san kasuwar kara.

Bayan ƙidaya sai tacewa, a nan ne kuma ake gane gwani. Kayan ɗakin mace nata ne, ba sa shiga gado, kuma idan aka yi jayayya a kan kayan gida ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa mace bayan ta yi rantsuwa. Sadakin da miji bai gama biya ba bashi ne, sai an fitar da shi kafin a zo kan tumunin takaba. A zamanin da ake da bayi akan ƙirga su cikin dukiya, amma ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta tana 'yantuwa da mutuwarsa, ɗanta kuma magaji ne daidai da 'ya'yan matan aure. Sa'an nan ga dukiyar da ba ta cikin gida: shanun da aka ba Fulani kiwo, da gonar da aka karɓa jingina, da jarin da aka ba fatake suka tafi Gwanja sayen goro, da bashin da ba wanda ya san da shi sai mamaci da wanda ya ci.

Lissafa magada ma ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ɗaya daga cikin matan mamaci tana da ciki, Malikiyya sun ce a dakatar da rabo sai ta haihu. Idan wani ɗa ya tafi aikin hajji a ƙasa, ta hanyar Barno da Wadai da Darfur, wadda takan ci mutum shekaru, aka daina jin ɗuriyarsa, to hukuncin ɓatacce ya hau kansa: matarsa za ta jira shekara huɗu bayan alƙali ya bincika, amma dukiyarsa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton sa'o'insa na raye, wanda mafi shahara shi ne saba'in. Wani ne zai riƙe wannan dukiya duk tsawon lokacin, wani ne kuma zai tuna da ita.

Sai lissafin kansa. Farillai shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Alal misali, a ce mutum ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Asalin mas'alar 24 ne: mata suna da 3, uwa tana da 4, saura 17 na 'ya'ya, namiji yana ɗaukar rabon mace biyu. Amma 3 ba ta rabuwa ga mutum biyu, 17 kuma ba ta rabuwa gida bakwai, saboda haka sai a ninka 24 sau 14 a sami 336. Kowace mata ta sami 21, uwa 56, kowane ɗa 68, kowace 'ya 34. Wannan lissafi duk ɗalibin fara'ili zai iya fitar da shi a kan allo. To amma idan babban ɗa ya ɓoye gona guda wadda ta kai humusin dukiyar, lissafin zai fita daidai, alƙali ya sa hannu, kowa ya tashi da ragin kashi ɗaya cikin biyar ba tare da ya sani ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma a wurin rabon gado maganar ta fi zama daram.

ZAMANIN TURAWA

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya bar kotunan alƙalai a kan aikinsu ƙarƙashin dokar kotunan ƙasa ta 1900, wadda aka sake a 1906. Canjin da ya fi taɓa masu hidimar gado shi ne na rubutu da na kuɗi. An wajabta wa kowace kotu ajiye littafin shari'a wanda Razdan ko Di'o zai iya dubawa, ta haka magatakarda ya zama ginshiƙin kotu. Littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda masanin tarihi Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, misali ne na abin da waɗannan marubuta suka bari, kuma cikinsu akwai rigingimun gidaje da gonaki. A shekarun da suka gabaci yaƙin duniya na 1914 aka kafa Baitulmalin En'e a masarautu, aka yanka wa alƙalai da ma'aikatansu albashi, ushira kuma ta koma shiga asusun hukuma da rasit.

Wannan tsari ya rage wata ɓarna, amma ya bar wata. Talakan karkara da ke gudun ushira da doguwar tafiya zuwa birni sai ya gwammace a kira malamin ƙauye da dagaci a raba a tsakar gida, ko kuma a bar gandu a hannun babban wa ba rabo. Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, wanda ya zagaya kotunan Arewa kafin ya wallafa littafinsa a kan shari'ar Musulunci a Afirka a tsakiyar shekarun 1950, ya lura cewa sha'anin ƙasa yana cikin wuraren da al'ada ta fi rinjayar littafi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan filayen Arewa a hannun Gwamna, abin da ya ƙara dagula tambayar ko gona dukiya ce da ake gado. A Kano, a 1923, zamanin Sarki Usman, aka hana mata gadon gidaje da gonaki, ba a kuwa mayar musu da wannan haƙƙi ba sai 1954, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Cikin waɗannan shekaru talatin ba a canza aya ko ɗaya ba. Abin da aka canza shi ne jerin kayan da muhuti zai rubuta a matsayin abin rabo ga mace. A 1936 kuma doka ta soke bauta ɗungurungum, aka daina ƙirga ɗan Adam cikin dukiya.

Wani abin lura shi ne doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan ƙasa. Mai ƙara da kansa yake magana, ko ya wakilta ɗan'uwa, mace mai kulle kuwa ta aiko wakili. Wannan giɓi ne ya haifar da masu rubuta takardun koke, waɗanda ke kafa tebur a bakin kotu da gidan waya, suna rubuta wa wanda bai iya boko ba kukansa zuwa ga Di'o ko Sarki. Da yake an sha cutar mutane ta wannan hanya, sai aka yi dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta tilasta wa marubuci ya sa sunansa da adireshinsa a jikin takarda, alamar cewa ya karanta wa mai ita kafin ya dangwala yatsa.

Ta fuskar horo kuma, an buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a Kano a 1928. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa Makarantar Shari'a ta Arewa da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Da yawa cikin ɗalibanta daga muƙamin muhuti ko magatakarda suka fara kafin su hau buzun alƙalanci.

TSUFA DA CIWON AJALI

Rabon gado bayan mutuwa ne, amma rabin rigimarsa tun mai dukiya yana raye take farawa, a lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Fiƙihun Malikiyya ya yi tanadi mai yawa a kan wannan gaɓa. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ne ko mace. Wanda hankalinsa ya gushe, ko ya koma yana watsar da dukiya, alƙali na iya hana shi tasarrufi ya naɗa masa mai kula. Kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya. Idan tsoho ya ce ya ba autansa gida amma ya ci gaba da zama a ciki har ya kwanta ciwon ajali, kyautar tana iya rushewa. Abin da majinyaci ya bayar a ciwon ajali hukuncin wasiyya gare shi, ba ya wuce sulusi. Idan ya saki matarsa a wannan hali, tana gadonsa ko da ta gama idda. Idan kuma ya ɗaura sabon aure a cikinsa, auren ɓatacce ne, domin kada a shigo da sabon magaji a tauye na da.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce a kan tambaya guda ya dogara: yaushe aka yi abin, kuma a wane hali mai shi yake? Alƙali ba ya wurin a lokacin. Waɗanda ke wurin su ne limamin da aka kira da dare, da malamin da ya riƙe alƙalami, da maƙwabta biyu da aka sa shaida. Idan marubuci ya rubuta rana da wata, ya ambaci cewa tsohon ya gane mutanen da ke gabansa, ya fayyace iyakar gona gabas da yamma, ya tsare gida daga shari'ar shekara goma. Idan kuwa ya rubuta abin da ɗan da ya kawo shi ya shifta masa, tsohon yana gyaɗa kai kawai, to da alƙalaminsa aka yi ƙwacen.

DAGA 1956 ZUWA YAU

Gab da samun mulkin kai aka shiga gyare-gyare a jere. A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma bisa shawararsu aka shiga horar da alƙalai da ma'aikatan kotu a Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Dokar soja ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta rushe kotunan sarakuna, ta fitar da alƙalai daga hannun En'e zuwa ma'aikatar shari'a ta jiha. Muhuti da magatakarda suka zama ma'aikatan gwamnati, rajistara ya zama mai riƙon fayil da kuɗin marayu.

A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa cewa Musulmi na iya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ya karkasa dukiyarsa yadda ya so. Hukuncin ya tayar da ƙura, daga baya wasu jihohi, kamar Kaduna da Kwara, suka yi dokokin wasiyya da suka tsame wanda shari'ar Musulunci ke hawa kansa, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da wannan a shari'ar Ajibaiye a 2007. Bayan Tsarin Mulki na 1979 kotuna suka buɗe wa lauyoyi ƙofar tsayawa a gaban alƙalai. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 277, ya jera abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu, ciki har da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, da kuma riƙo da ciyar da Musulmin da jikinsa ko hankalinsa ya raunana.

Ita kanta dukiyar ta sake kama. A da rumbu ne da adaka, ana buɗewa a gani. Yanzu akwai ajiyar banki, da hannun jari, da takardar mallakar fili ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1978, da asusun fansho ƙarƙashin dokar 2004 wadda aka sabunta a 2014. Galibin waɗannan ba sa fita sai da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake nema a sashen gado na Babbar Kotu. Mutane da yawa kuma suna zaton wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci shi ne magaji, alhali wannan suna ba ya ba kowa gado, ba ya kuma hana kowa. Mai takabar da ba ta taɓa shiga banki ba sai ta sami kanta tsakanin kotu biyu da ofisoshi uku. Rashin sani ya fi dare duhu.

A nan ne mataimakin lauya na zamani ya shigo. Sunan sana'ar a Amurka ya kafu: ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta amince da amfani da irin waɗannan mataimaka a 1968, kuma bayan dokar tsofaffi ta 1965 fannin shari'ar tsofaffi ya bunƙasa har lauyoyinsa suka kafa ƙungiyarsu a 1987. A can mataimakin shi ne ke zama da tsoho ya tattara jerin kadarorinsa, ya shirya daftarin wasiyya da takardar wakilci don lauya ya duba, ya bi fayil a kotu, amma ba ya ba da fatawar doka da kansa, ba ya kuma tsayawa gaban joji. A Nijeriya an kafa Hukumar Taimakon Shari'a a 1976, dokarta ta 2011 kuma ta ambaci mataimakan lauya a matsayin masu ba da hidima. An kuma kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa bisa dokar 2017. Wanda ya gwada wannan aiki da na muhuti zai ga iyakarsu ɗaya ce: dukansu suna ƙarƙashin wani mai hukunci, dukansu kuma su ne ke fara taɓa takarda da kaya.

KAMMALAWA

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, tun daga ƙorafin Shehu Usmanu a kan ƙwacen dukiyar matattu, zuwa hana matan Kano gadon gona daga 1923 zuwa 1954, zuwa fansho da ke maƙale a ofis saboda rashin takarda, ƙa'idar rabo ba ta taɓa zama matsalar ba. Kullum matsalar tana wurin wanda ya ƙirga, da wanda ya sa kuɗi, da wanda ya rubuta. Malaman fiƙihu sun gane haka, shi ya sa suka nemi mai ƙiyasi fiye da ɗaya, suka kuma ɗora ladan mai rabo a kan kawuna.

Saboda haka akwai aiki a gaban jami'o'i da kwalejojin shari'a. Mai hidimar gado na yau yana buƙatar fara'ili da hukuncin kyauta da ciwon ajali kamar yadda muhuti ya sani, yana kuma buƙatar sanin hanyar banki da ofishin fansho da ma'aikatar ƙasa. Ya kamata ladansa ya zama sananne tun kafin a fara aiki, ya riƙa ba da rasit, ya kuma sa hannu a kan duk jerin kayan da ya rubuta domin a san wanda za a tuhuma. Ya kamata a sami mata da yawa cikin wannan sana'a, domin mai takaba tana cikin gida wata huɗu da kwana goma, a daidai lokacin da ake buɗe adaka, kuma mace 'yar'uwarta ce za ta iya shiga ɗakinta ta tambaye ta abin da ta sani game da dukiyar mijinta.